Mai Wainar Kifi a Bakin Kasuwa

Saura 'yan kwanaki Kirsimeti, Ok-ran ba ta samun zaman da za ta shanye kofin shayi da zafinsa. Da sassafe ta kai kwat ɗin mijinta wurin masu wanki da guga, daga nan ta shiga bin kantuna neman bota, don kamar duk matan garin Chuncheon sun haɗa baki sun kwashe ta. Ita ce ke gasa biskit ɗin da cocinsu ke raba wa yara da tsofaffin gidan gajiyayyu kowace shekara. Ga gwajin waƙar coci da yamma, ga walimar ƙarshen shekara ta 'yan ajinsu da ta riga ta yi alkawarin zuwa. A kan duk wannan kuma ga auren 'yarta Da-som da saurayinta Tae-yun da aka sa watan Afrilu.

Auren ne ya fi cin ranta. Mahaifin angon likitan ido ne da ya yi ritaya. A Seoul suke zaune, amma asalinsa ɗan garin nan ne, shi ya sa suka zo yin Kirsimeti a tsohon gidan iyayensa. Matarsa, Maman Tae-yun, mace ce mai magana a hankali, ko dariya za ta yi sai ta kare baki da hannu. Ba ta taɓa yi wa Ok-ran wani abu na raini ba. Duk da haka in suna tare sai Ok-ran ta ji muryarta ta yi kauri, ta rasa inda za ta ajiye hannuwanta. Ranar da iyalan biyu suka fara haɗuwa, matar ta tambaye ta ko tana da 'yan'uwa.

"Yaya guda gare ni," in ji Ok-ran. "Tana harkar abinci."

Ba ƙarya ta yi ba. Sai dai ta ga matar ta gyaɗa kai irin na wadda ta hango gidan abinci mai tebura da ma'aikata, ta kuma ƙyale ta a haka.

Ran Talata su biyu suka fita zaɓar wa yaran barguna da zannuwan gado. Ok-ran ce ta ce su je kantunan babbar kasuwa, kuma ta san dalilinta: yayarta Bok-sun can bayan tashar mota take kafa rumfarta, a ɗaya gefen gari. Suka gama zaɓe, suka hau bene suka sha shayi a wani shago da aka cika da fitilu da waƙoƙin biki. Da suka sauko dusar ƙanƙara ta fara sauka tsilli-tsilli. Maman Tae-yun ta tsaya cak, ta ɗaga hanci.

"Maman Da-som, kin ji abin da nake ji? Wainar kifi! Rabona da ita tun ina 'yar makaranta. Zo mu je, don Allah, kada ki gaya wa mijina."

Ta kama hannun Ok-ran ta ja ta zuwa wata rumfar leda a bakin kasuwa. A ciki wata dattijuwa ce tsaye tana zuba ƙullu a tanda mai ramuka masu siffar kifi, ta sa markaɗaɗɗen jan wake mai sukari a tsakiya, ta rufe, ta juya. Hular ulun da ke kanta Ok-ran ta fara ganewa, don ita ta saƙa ta da hannunta. Sai daga baya ta ji cewa aikin hanya aka fara a bayan tasha, aka tashi masu rumfuna.

Bok-sun ta ɗago kai, fuskarta ta washe. "A'a, O..."

"Mai waina," Ok-ran ta tari numfashinta, da wata murya da ba ta san tana da ita ba, "a ba mu masu zafi."

Bakin Bok-sun ya tsaya a buɗe. Ta dubi ƙanwarta, ta dubi matar da ke gefenta mai safar hannu ta fata, ta dubi manyan ledojin kanti. Sannan ta mayar da ido kan tanda.

"To, Madam. Yanzu kuwa."

Maman Tae-yun ba ta lura da komai ba. Ta matsa kusa da wuta tana ɗumama hannu, sai idonta ya faɗa kan yatsun mai wainar, duk sun faffashe ga tabon ƙuna.

"Allah sarki, baiwar Allah, dubi hannunki! A cikin wannan sanyi? Ba ki da mai taya ki ne, 'ya'ya ko dangi?"

"Ban haihu ba, ranki ya daɗe. Ƙanwa guda gare ni."

"Tana ina?"

"Tana nesa," in ji Bok-sun. Ta zuba wainar a jakar takarda, ta ƙara guda a kai. "Wannan gyara ce. A yi biki lafiya."

Maman Tae-yun ta ci tata a tsaye, ta ƙona harshe, ta yi dariya har ta manta ba ta kare baki ba. Ok-ran kuwa ta riƙe tata har ta huce. Sai da ta sauka daga bas a unguwarsu ta tarar ta cusa ta a aljihun kwat, ta dagargaje, jan waken ya ɓata rufin aljihun.

Shekara takwas Bok-sun ta ba ta. Da mahaifinsu ya rasu, Bok-sun ce ta ajiye makaranta ta zama kwandastar bas, tana maƙale a ƙofa tun asuba tana dukan jikin mota da tafin hannu, don dai Ok-ran ta ci gaba da karatu. Ta yi aure, mijin bai yi tsawon rai ba. Tun daga nan in zafi ya zo ta sayar da dafaffiyar masara, in sanyi ya shigo ta koma waina. Ok-ran da mijinta Man-sik sun sha roƙonta ta huta su ɗauki nauyinta, ta ce in ta zauna tsatsa za ta yi.

Ok-ran ta ɗauki waya ta ajiye, ta sake ɗauka ta sake ajiyewa. Washegari ta je walimar 'yan ajinsu, aka gasa nama, aka yi ta waƙe-waƙe, ita tana zaune da murmushin da bai wuce leɓe ba. Wata ƙawarta ta zungure ta.

"Ke, uwar amarya, tun yanzu kin fara kukan rabuwa? Ki bari a kai Afrilu mana!"

Aka yi dariya, ita ma ta taya su.

Alhamis ce ranar gashin biskit, kuma kowace shekara Bok-sun kan rufe rumfa ta zo taya ta, don hannunta ya fi na kowa sauri. Ok-ran ta tabbata bana ba za ta zo ba. Ta auna fulawa, ta fasa ƙwai, ta jiƙa zabibi, tana cikin niƙa kirfa sai ta ji ƙararrawar ƙofa. Man-sik ne ya buɗe.

"Yaya, sannu da zuwa! Shigo, sanyin nan zai kashe mutum."

"Yauwa, Baban Da-som. Madam na ciki kuwa?"

Man-sik ya fashe da dariya. "Madam kuma? Yaushe aka yi mata naɗin ban sani ba?"

"Ai kai ne ba ka zuwa kasuwa," in ji Bok-sun. Ta cire takalma ta jera su can ƙurya, ta miƙa masa ledar lemo, ta wuce kicin tana ɗaura atamfar aikinta a ƙugu.

Haka aka yini. "Madam, a ƙara sukari ko ya isa?" "Madam, in zauna a kujerar nan ko ta baƙi ce?" Da-som da ke yanka biskit da abin yanka mai siffar tauraro ta ɗauka sabon wasa ne, har ita ma ta kama. "Madam, obin ya yi zafi!" Ta yi ta dariya tana rungumar innarta ta baya. Ok-ran ba ta iya ɗaga ido ba. Ta sa faranti a wuta ta manta da shi, sai da hayaƙi ya turnuƙe kicin suka ankara. Da ta jawo shi, taurarin duk sun koma gawayi.

"Mama, lafiya kuwa? Ke da ba ki taɓa ƙona ko guda ba?"

"Gajiya ce," in ji Ok-ran.

Da-som ta buɗe taga, ta juya wajen innarta. "Inna, jibi, jajibirin Kirsimeti, bayan an tashi daga coci za mu ci abinci da iyayen Tae-yun. Mamansa ta ce lallai a zo da ke, tana son ganin yayar Mama. Har tambayata ta yi wane irin abinci kuke sayarwa, na ce sai ta ɗanɗana da bakinta."

Bok-sun ta ci gaba da murza kwaɓin fulawa. "Jibi? 'Yar nan, ranar ce fa kasuwa ke ci. Ki ba ta haƙuri."

"Haba Inna!"

"Na ce ki ba ta haƙuri."

Wani sanyi ya ratsa ƙirjin Ok-ran, kamar an sauke mata kaya. Da ta gane sauƙi ne ta ji, sai kunyar ta ninka ta ranar Talata.

Da rana ta yi Da-som ta fita sayo ƙarin takardar naɗi, Man-sik ya bi ta don ya karɓo kwat ɗinsa. Kicin ya yi tsit, sai ƙarar abin murza kwaɓi a kan katako.

"Yaya," in ji Ok-ran.

"Na'am, Madam."

"Don Allah ki bari. Ki zage ni, ki mare ni ma in kin so, amma ki bar wannan."

Bok-sun ta ajiye abin murza kwaɓin. Ta goge hannu a hankali, yatsa bayan yatsa.

"In mare ki in ce me? Ke kin san abin da ya fi ci mini rai? Ba ɓoye ni da kika yi ba ne. Yadda bakina ya yi saurin taya ki ne. Ko tunani ban yi ba na ji na ce Madam. Ashe ni ma a raina na yarda ban isa a nuna ni ba." Ta ja numfashi. "Da kin gaya mini za ku biyo ta nan, ai da na rufe rumfar na tafi gida. Ba sai kin kira ni mai waina ba."

Hawaye suka zubo wa Ok-ran. "Ban san abin da ya shiga kaina ba."

"Kin sani mana. Ni ma na sani. Share fuskarki kada yarinyar ta dawo ta gani. Ba zan ɓata wa Da-som aure ba. Ranar biki zan zauna can baya cikin 'yan coci, wa zai tuna fuskar mai waina?"

Ta ɗauki abin murza kwaɓin ta ci gaba. Sai da aka gasa na ƙarshe, aka naɗe su cikin ƙananan ledoji da jan zare, sannan ta sa takalmanta ta tafi. Abincin yamma ma ta ce ta ƙoshi.

Ranar jajibirin Kirsimeti da hantsi Ok-ran ta kai kwalayen biskit coci, ta ware guda mai kyau ta nufi gidan surukan. A bas ta shirya maganar da za ta yi, ta rushe, ta sake shiryawa. Da ta isa ƙofar gidan sai da ta wuce ta har ƙarshen layi kafin ta dawo ta danna ƙararrawa.

Maman Tae-yun ta karɓe ta da murna, ta buɗe kwalin tana yaba ƙamshin kirfa, ta kawo shayi.

"Da-som ta ce yayarki ba za ta samu zuwa ba. Na so ƙwarai in gan ta."

Ok-ran ta ajiye kofin. Duk abin da ta shirya ya gudu.

"Kin riga kin gan ta," ta ce. "Ran Talata. Mai wainar nan ta bakin kasuwa. Ita ce yayata, uwa ɗaya uba ɗaya."

Ok-ran ta zuba wa tebur ido tana jiran ta ji an ce ba komai, ko kuma ta ji an fara maganar asali da dangi. Ba ko ɗaya da ya zo. Da ta saci kallo sai ta ga fuskar matar ta yi ja har wuya.

"Kina tsaye a gefena," in ji Maman Tae-yun a hankali, "na tambaye ta ko ba ta da dangi."

"Haka ne."

"Na ce mata baiwar Allah. Na tausaya mata kamar wata almajira... kamar wadda ba ta da kowa a duniya. Babbar yayar surukata! Kika bar ni na yi haka?"

"Laifina ne. Ki yi haƙuri."

"Me kika ɗauke ni, Maman Da-som? Me na taɓa yi miki da kika ga zan raina mace don tana cin guminta?"

Ok-ran ta sunkuyar da kai, don ta san matar ba ta taɓa yi mata komai ba. Maman Tae-yun ta tashi ta shiga ɗaki. Ok-ran ta zauna ita kaɗai da kwalin biskit a buɗe, ba ta san ko korarta aka yi ba. Can sai matar ta fito sanye da kwat.

"Tashi ki kai ni."

Suka ɗauki tasi. Bakin kasuwa ya cika maƙil, kowa na ɗauke da kwalin kek, 'yan wani coci na kaɗa ƙararrawa suna karɓar taimako. A gaban rumfar Bok-sun layi ne har ya lanƙwasa. Maman Tae-yun ba ta tsallake kowa ba, ta shiga layi ta jira, Ok-ran na bayanta kamar ɗalibar da aka kai ofishin shugaban makaranta. Da suka iso gaba, matar ta cire safar hannunta, ta haɗa hannu biyu, ta rusuna sosai.

"Ni ce mahaifiyar Tae-yun. Ran Talata na yi miki magana ba tare da na san ko ke wace ce ba. Ki gafarce ni."

Bok-sun ta yi tsaye da butar ƙullu a hannu. Ta dubi ƙanwarta, wadda ta sunkuyar da kai. Sai ta daburce, ta ajiye butar, ta shiga rusunawa ita ma har hularta ta kusa taɓa tanda.

"Haba, ranki ya daɗe, tashi, tashi! Mutane na kallo. Ba abin da kika yi mini."

"To za ki zo anjima?"

"Kin ga dai layin nan..."

"Za mu jira ki. In ba ki zo ba, ba mai ɗaukar cokali."

Wani tsoho daga baya ya ɗaga murya. "Jama'a, in gaisuwar surukai ce a ƙarasa ta a gida mana! Waina na ƙonewa!"

Layi ya kwashe da dariya. Bok-sun ta yi wuf ta juya tanda, sannan ta jefo wa Ok-ran tarin jakunkunan takarda ba tare da ta kalle ta ba.

"Ke, tunda kin zo, zagayo ki riƙa zubawa. In ana so in tashi da wuri sai ƙullun nan ya ƙare."

Ok-ran ta zagaya cikin rumfar da kwat ɗinta na zuwa coci. Maman Tae-yun ta yi wa Bok-sun sallama ta tafi, ita kuwa ko kallonta ba ta yi ba. Wainar na fitowa da zafi, ta ƙona mata yatsu tun a ta farko, gefen hannun rigarta ya shafi ƙullu. Can wasu mata biyu 'yan ƙungiyar waƙarsu suka iso gaban layi, suka zaro ido.

"Maman Da-som! Me kike yi a nan?"

Ta ji kunnuwanta sun ɗau zafi. "Rumfar yayata ce," ta ce. "Guda nawa za a zuba muku?"

Ba ta samu shiga cikin mawaƙa ba ranar. Sai da aka kusa tashi suka isa coci ita da Bok-sun, suka tsaya a baya suna warin hayaƙi. A gidan abinci aka zaunar da Bok-sun kusa da likitan, ashe a ƙuruciyarsa layin bas ɗin da ta yi wa kwandasta yake bi zuwa makaranta. Suka yi ta tuna sunayen tsofaffin tashoshi, tana tsokanarsa cewa ƙila yana cikin 'yan makarantar da ke zillewa ba su biya ba, shi kuma yana rantsuwa yana dariya. Maman Tae-yun da kanta ta riƙa gasa nama tana ajiye wa Bok-sun a kwano. Ok-ran ta ci 'yar shinkafa kaɗan ta ajiye. In surukarta ta yi mata magana, da ladabi take yi, cikakken ladabin da ake yi wa baƙo. Haka kuma suka ci gaba har bayan bikin auren.

Da-som ba ta san komai ba sai bayan sabuwar shekara, da Tae-yun ya yi suɓul da baka. Ta dawo gida ta tsaya a ƙofar kicin da jakarta a kafaɗa.

"Mama, da gaske ne?"

Ok-ran na wanke shinkafa. "Da gaske ne."

"Kuma kika bar ni ina taya ta kiran ki Madam, ina dariya?"

Ba ta jira amsa ba. Ta kwashi kaya kaɗan ta tafi ɗakin innarta, ta yi kwanaki a can. Bok-sun ce ta koro ta daga ƙarshe. Ta bugo wa Ok-ran waya da rana tsaka, ana jin hayaniyar kasuwa a bayanta.

"Na sako miki 'yarki a bas. Ta cinye mini kimchi, kabejin nan nawa mai tsami da yaji, ga shura ƙafa cikin barci. Kada ki ce mata komai, ki dafa mata miyar waken nan da take so."

"To, Yaya."

"Kuma ki gaya wa Baban Da-som ya zo ran Asabar ya ɗaga mini tukunyar gas, bayana ya riƙe."

Ok-ran ta buɗe baki za ta ƙara wata magana, ta ji wani na neman waina a can, wayar ta katse. Ta ɗora tukunya a wuta, ta fito da wake da albasa, ta leƙa taga ko za ta hango bas ɗin.